In Kana Son Sanin Halinka, Kada Ka Fara da Tambayar Zuciyarka

Ka zauna a kowace majalisa a garin nan na Kaduna, daga Tudun Wada har Unguwar Rimi, ka ce kowa ya faɗi aibinsa, amsoshin ba za su wuce uku ko huɗu ba. Wani ya ce shi matsalarsa ba ya son raini. Wani ya ce tausayi ne ya yi masa yawa, shi ya sa ake cutarsa. Wani kuma ya ce faɗin gaskiya ke haɗa shi da mutane, don shi bai iya ɓoye-ɓoye ba. Duk wannan yabon kai ne a fakaice. Ban taɓa jin wanda ya ce shi mahassadi ne ba, ko marowaci, ko mai danne haƙƙin wanda ya fi ƙarfi, alhali ga masu irin halin nan fal gari, sahu ɗaya muke bi da su a masallaci. Kuma ba ƙarya suke yi da gangan ba, iyakar abin da suka hango ke nan. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ni tela ne, shagona na kusa da Kasuwar Barci tun kafin rusau ɗin 2020. Sana'armu ta yi ƙaurin suna wajen saɓa alkawari, kuma na zauna da telaye masu tsoron Allah waɗanda za su iya dafa Alƙur'ani su ce su masu cika alkawari ne, ga kuma kayan mutane jibge a bayansu tun na ƙaramar Salla. Wannan ne ya sa na daɗe ina bin maganar sanin kai, a karatun da muke ɗauka tsakanin Magariba da Isha'i da kuma a bakin keke. Abin da na tsaya a kai shi ne, mutum ba ya sanin halinsa ta hanyar zama ya yi tagumi yana leƙen zuciyarsa. Sawunsa zai bi: abin da ya faɗa, abin da ya aikata, inda kuɗinsa suka tafi, da wanda ya ɗaga wa murya.

Ɗiyata da ke jami'a ta ba ni labarin wani gwaji da ya zauna mini a rai, don ya shafi kasuwa. A 1977 wasu malamai biyu na Jami'ar Mishigan a Amurka, Richard Nisbett da Timothy Wilson, suka wallafa shi. Sun jera safar mata guda huɗu a kan tebur, suka ce wa masu wucewa su zaɓi wadda ta fi inganci. Safar iri ɗaya ce sak. Mutane suka yi ta ɗaukar ta ƙarshen hannun dama, kusan ninki huɗu a kan ta ƙarshen hagu. Da aka tambaye su dalili, wannan ya ce saƙarta, wancan ya ce laushinta. Babu wanda ya ambaci inda aka ajiye ta, da aka tambaye su ma ko wurin ya ja hankalinsu, kusan dukansu suka musa. Duk wanda ya taɓa baje wa kwastoma shadda ya san wannan. Hannu ya riga ya zaɓa, baki ne ke biyowa da hujja daga baya, kuma mai bakin shi ne farkon wanda ke gaskata hujjar. A Suratul Ƙiyama an haɗa abin biyu wuri ɗaya, cewa mutum mai shaida ne a kan kansa ko da ya jero uzurorinsa. Sanin yana nan, uzuri ne ke rufe shi. Aikin da ke gabanka ke nan, ka samo abin da uzuri ba zai iya gogewa ba.

Ka sayi littafin rubutu mai fallaye 40, irin na 'yan firamare. Ba na ba da shawarar waya, don za ka buɗe ta da niyyar rubutu ka tsinci kanka a WhatsApp. Doka ɗaya ce a littafin nan: ba a rubuta abin da ka ji a ranka, sai abin da wani na gefe zai iya shaidawa. "Yau na yi ƙoƙari" ba ya shiga. "Na ce zan je Kawo gaisuwar mutuwa bayan La'asar, ban je ba" shi ke shiga.

Ka fara da alkawari, don shi ya fi sauƙin aunawa. Ka ja layi uku: abin da ka ce za ka yi da wanda ka faɗa wa, ranar da ka sa, ranar da ka cika. Komai ƙanƙantarsa ka rubuta, har "zan kira ka anjima" da "gobe zan turo maka". A mako na farko abin da zai ba ka mamaki ba saɓawar ba ce, yawan alkawuran ne. Mutum kan ɗauki fiye da goma kafin Azahar bai ma san ya ɗauka ba.

Akwai wani yaro da ke koyon aiki a wurina, hannunsa na da kyau ƙwarai. Wani Alhaji ya kawo shadda yadi biyar, ya tambaye shi yaushe zai dawo. Yaron ko ɗaga kai bai yi daga keke ba ya ce, "Jibi in sha Allahu, Alhaji." Da Alhaji ya fita na kira shi.

"Kai, kaftani nawa ne a gabanka?"

"Shida ne, Baba."

"Nawa kake gamawa a wuni?"

"Biyu, in akwai wuta."

"Jiya akwai wutar?"

Ya yi shiru yana juya almakashi. Na ce, to ga mai aikin wuya da zai riƙe ta kwana biyu, ga guga, ga maɓalli, jibin nan na wace shekara ce? Ya yi dariya, amma na ga abin ya shige shi. Yaron nan ba maƙaryaci ba ne. Lokacin da ya ce jibi, ranar da ta fi kowace rana kyau ya hango, wadda wuta ba ta ɗaukewa, allura ba ta karyewa, ba a aike shi sayen zare ba. Irin wannan rana takan zo, amma ba ita ce ranar da muke rayuwa a ciki kullum ba. A wani bincike da aka wallafa a 1994, an gwada ɗalibai a wata jami'a a Kanada, aka ce kowa ya faɗi kwanakin da zai gama kundin bincikensa. Matsakaicin abin da suka faɗa kwana 34 ne. Aka ce to in komai ya lalace fa, suka ce 49. Da aka zo aikin, sai da suka ci kwana 55 da ɗoriya. Wato ko mummunan zatonsu bai kai gaskiya ba. Ashe ba mu kaɗai ba ne, mu dai namu ya fito fili ne saboda ranar Idi ba ta ɗaguwa.

Bayan wata guda ka zauna ka karanta layukan nan, kuma kada ka tsaya kan ƙirga sau nawa ka saɓa. Ka duba wa kake saɓa wa. In kowa da kowa ne, babba da yaro, mai kuɗi da talaka, to matsalarka lissafi ce, maganinta kuma mai sauƙi: ka ga ninki nawa kake makara, ka riƙa ƙara shi kafin ka buɗe baki. In kuwa ka tarar na Alhaji mai gezna kullum yana fita kan kari, na maƙwabcinka mai yadin makarantar yara da na ƙanwarka su ne ke kwana wata, to ba lissafi ba ne, kallon fuska kake yi, kuma waɗanda ba za su iya yi maka komai ba kake ɗora wa nauyin. In alkawuran suna yawaita ne a makon da aljihu ya bushe, kwaɗayin kafin alƙalami ne. Akwai kuma na huɗu da ya fi yawa a cikinmu Hausawa, wato jin nauyi. Ka kasa kallon idon mutum ka ce "ba zan iya ba", sai ka ce "to" don a rabu lafiya, ka bar wa gobe rigimar. Mukan kira shi kunya mu yaba wa kanmu, amma wanda aka bari yana sintiri bai ga kunya a ciki ba. Cuta huɗu ke nan, kowace da maganinta, kuma daga cikin zuciya duk kamanninsu ɗaya: "abubuwa ne suka yi mini yawa."

Sai kuɗi. An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar zai yi wa wani shaidar kirki, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi sun taɓa haɗa su. Duk ya ce a'a. Umar ya ce to ba ka san shi ba. Wannan ma'auni ka juya shi kanka. Yanzu ma an sauƙaƙa mana, tunda yawancin abin da muke kashewa ta waya yake bi. Ka buɗe tarihin asusunka na wata uku, ka ware: nawa ya tafi data, nawa ya tafi tsire da shayi a majalisa, nawa ya tafi gudummawar bikin da kake son a gan ka, nawa ya je hannun mahaifiyarka. Ba na ce ga yadda ya kamata ka raba ba, aljihunka ne. Amma in kana cewa iyaye ne gaba da komai a wurinka, lambobin za su gaskata ka ko su ƙaryata ka, kuma ba sa jin kunyarka. Ka duba bashi ma. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba cin sa ne abin dubawa ba. Wa kake fara biya, mai baki ko mai haƙuri? Kana canza hanya don kada ka bi ta gaban shagon mai shinkafa? In kai ke bin wani, muryar da kake masa magana da ita ita ce kake so a yi maka?

Fushi kuma ka rubuta abu uku kawai: da wa, ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan. Yawancin masu cewa suna da zafin zuciya, in suka duba za su ga zafin ya san hanya. Bai taɓa tashi a gaban mai gidan haya ko jami'in da ya tare su a hanya ba, sai a kan yaron shago, da mai Keke Napep, da matar gida. Wanda ke iya haɗiye fushi a gaban babba ya nuna yana da linzami, zaɓen inda zai sake shi yake yi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Layin "me ya faru kafin nan" kada ka raina shi. A 1973 an wallafa wani gwaji da aka yi da ɗalibai a wata makarantar horar da malaman coci a Amurka. Aka tura kowannensu wani gini ya yi jawabi, aka ajiye mutum a hanya yana tari yana nishi kamar marar lafiya. Cikin waɗanda aka ce wa akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin ɗari suka tsaya taimako. Cikin waɗanda aka ce wa sun makara, kashi 10 kacal. Tarbiyya ɗaya, karatu ɗaya, sauri ne ya raba su. Don haka in littafinka ya nuna rigimarka da iyali duk tsakanin dawowa daga cunkoson titin Ahmadu Bello ne da cin abincin dare, to ka gano wani abu mai amfani: a wannan sa'ar ba a yanke hukunci, ba a duba sakamakon jarrabawar yaro, ba a tambayar lissafin cefane.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ya yi aiki. Masaƙar farko a can ta buɗe a 1957, kuma tsakanin 2002 da 2007 manyansu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce sai da albashi ya tsaya ya san abokan aikinsa. Akwai wanda aka sani da kyauta, ashe ƙarshen wata ne ke kyautar ba shi ba. Akwai wanda ake yi wa kallon mai maƙo, shi ne ya riƙa auna wa maƙwabta masara daga abin da ya noma a ƙauye. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, halin da ba a taɓa jarraba shi ba kada ka rubuta shi a cikin naka tukuna. Wanda bai taɓa riƙe kuɗin jama'a ba bai san ko shi mai amana ne ba, fata dai yake yi.

Duk wannan kai kaɗai kake yi. Akwai abin da ba ya shiga littafi, kamar yadda fuskarka ke canzawa in an yabi sa'anka, ko yadda kake katse mutane in suna magana. Wannan sai idon wani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo hanyoyi huɗu na sanin aibin kai a cikin Ihya'u Ulumiddin: zama gaban malami mai basira da zai nuna maka, neman aboki mai gaskiya da zai sa maka ido, sauraron abin da maƙiya ke faɗa, da cuɗanya da mutane kana tuhumar kanka da duk abin ƙi da ka gani a wurinsu. Tun a zamaninsa ya koka cewa irin wannan malami da irin wannan aboki sun yi ƙaranci, to balle yanzu.

Wajen zaɓen wanda za ka tambaya, ka cire duk wanda ke ci a hannunka. Yaronka ba zai faɗa maka ba, in ya faɗa ma ka sa shi a tsaka mai wuya. Ka cire abokin majalisa da kuke taya juna gulma. Wanda ya fi dacewa shi ne wanda ya san ka tun ba ka da komai kuma ba ya neman komai a wurinka: abokin makarantar allo, yayarka mace, kawunka. Kada kuma ka ce "mene ne aibina?" Amsar da za ka samu ita ce, "Haba, ai kai ba ka da matsala, sai dai ɗan Adam tara yake bai cika goma ba." Ka ƙuntata tambayar yadda ba za a iya zillewa ba. Ni yadda nake koya wa yarana su tambayi manyansu shi ne, "Yaya, ranar sunan nan da muka yi magana da wane, in ke ce ni, me za ki yi daban?" Ko kuma, "Kawu, wane abu ne mutane ke jin nauyin faɗa mini?" In an fara ba ka amsa, ka kama bakinka. Kada ka yi bayani, kada ka ce "ai abin da ya sa". Ka ce na gode, Allah ya saka da alheri, ka tashi. Bayani ɗaya in ka yi, ka rufe ƙofar, ba za a ƙara faɗa maka ba har abada. An ruwaito Sayyidina Umar yana addu'ar rahama ga duk wanda ya kawo masa aibobinsa a matsayin kyauta, kuma shi ne shugaban Musulmi a lokacin.

Matar aure ta fi kowa sanin mijinta, miji ma haka, amma a nan sai da dabara. Kada a yi tambayar ana tsakiyar saɓani, kuma wanda ya tambaya ya sani ba a rama wa. In ka ce ta faɗa maka, ta faɗa, ka ce "to ke ma ai", ka mayar da abin kotu.

Maganar maƙiyi kuwa, yakan ƙara gishiri, amma da wuya ya ƙirƙiro daga babu, inda ya ga tsaga yake sa hannu. Ma'aunina shi ne: in mutum biyu da ba su san juna ba, ɗaya a Rigasa ɗaya a Barnawa, suka zarge ka da abu iri ɗaya, ka daina cewa hassada ce, ka rubuta. Hanyar Gazali ta huɗu ita ce mafi arha, don ba ta buƙatar kowa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Halin da ya fi ƙona maka rai a wurin mutane, ka neme shi a shafukanka. Ba kullum za ka same shi ba, amma za ka same shi fiye da yadda kake so.

Gazali ya kwatanta wannan aiki da ɗan kasuwa da abokin hulɗarsa: da safe a yi sharaɗi, da rana a sa ido, da yamma a yi lissafi a ga riba ko faɗuwa. Haka za ka yi, amma a taƙaice. Bayan sallar Asuba ka ɗauki abu ɗaya tak, misali yau ba zan sa wa kowa rana ba sai na duba aikin da ke gabana. Kafin ka kwanta ka ba littafin minti biyar. Abu ɗaya na ce, don wanda ya tashi gyara hali goma a mako guda, ranar Juma'a zai jefar da littafin. Ka rubuta na kirkin ma, ranar da ka cika, ranar da ka haɗiye magana. Sanin kai ba tsanar kai ba ne, kuma na ga waɗanda tuhumar kai ta zame musu waswasi har suka kasa sakewa da mutane. In ka ga abin yana hana ka barci ko yana sa ka yanke ƙauna, ka ajiye littafin ka nemi wanda za ka yi magana da shi.

Za a ce maka hali zanen dutse ne. Rabin gaskiya ce. Mai saurin hawa ba zai wayi gari ya zama mai sanyi ba, kuma Gazali kansa bai ce a tumɓuke fushi ko sha'awa ba, daidaita su ya ce a yi. Hujjarsa a kan masu cewa hali ba ya canzawa ita ce, da haka ne da wa'azi da tarbiyya duk sun zama aikin banza. A ganina abin da ya fi saurin canzawa shi ne tsarin da ka kewaye halin da shi. Wanda ya san ba ya iya cewa a'a ido da ido, sai ya koyi cewa "bari in duba littafi in kira ka". Wanda ya san kuɗin mutane na narkewa a hannunsa, kada ya karɓi ajiyar adashi ko ma'ajin masallaci, ko an roƙe shi. Wannan ma gyara ne, kuma ya fi alkawarin zama sabon mutum daɗewa.

Abu biyu kada su shiga littafin: sirrin wani, da zunubin da Allah ya rufa maka asiri a kai. Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, takarda kuwa tana iya faɗawa hannun yara. Ka riƙa sa harafin farko maimakon sunan mutum, kuma in littafin ya cika ka ɗauki abin da za ka ɗauka ka ƙona shi.

Lokacin farawa kuma, kada ka zaɓi watan azumi. A watan nan kowa na kirki ne, hannu a sake, baki a tsare, masallaci a cike, abin da za ka rubuta ba zai nuna maka mutumin sauran wata goma sha ɗaya ba. Ka fara a wata irin Safar ko Rabi'us Sani, inda babu Salla a gaba babu a baya, kuma ka haɗa da ƙarshen wata lokacin da albashi ko ciniki ya ja baya. Telaye da masu aikin wuya da masu guga ne kawai na cire daga wannan, su nasu littafin daga goma ga azumi ya kamata a buɗe shi zuwa daren jajibiri.